Shinge Ya Faɗi, Ƙidayar Kwana Ta Rage: Matafiyi Mai Ƙaramin Guzuri a Yankin Shengen

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau za mu leƙa Turai, mu duba wasu dokoki biyu da kullum suke tafiya tare. Ta farko ita ce wadda ta kawar da shingen bincike tsakanin ƙasashe 29, har mutum ya iya karyawa a Faransa, ya ci abincin rana a Beljiyam, ya kwana a Holan, ba wanda ya ce masa kawo fasfo. Ta biyu kuwa ita ce wadda ta ce baƙo ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a duk faɗin wannan yanki na Shengen ba. Mai kuɗi bai cika jin nauyin doka ta biyu ba, don shi mako ɗaya ko biyu yake yi ya juya. Wanda take matsa wa shi ne mai ƙaramin guzuri: ɗalibi mai yawon ganin duniya da jaka a baya, ƙaramin ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya, uwa mai zuwa taya 'yarta jego, malamin da aka gayyata taro. Irin waɗannan matafiya, kwanakinsu suna cikin jarinsu, kuma wanda bai iya lissafinsu ba sai ya yi asarar da ta fi kuɗin jirgi. Ku gyara zama.

(Gajeren kiɗa)

Shengen sunan wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Luksambok, a bakin kogin Mosel, daidai inda iyakarta ta haɗu da ta Faransa da ta Jamus. A nan ne, ranar 14 ga Yunin 1985, wakilan ƙasashe biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar cire bincike a iyakokinsu, a cikin wani jirgin ruwa. Ƙasashen su ne Faransa, Jamus ta Yamma, Beljiyam, Holan da Luksambok. Sai da aka shafe shekara goma ana shiri kafin abin ya fara aiki a ranar 26 ga Maris 1995, lokacin Sifen da Fotugal sun shigo. A yau ƙasashe 29 ne, masu jama'a sama da miliyan 400. Daga ciki, 25 'yan Tarayyar Turai ne, huɗu kuma ba sa cikin Tarayyar: Suwizalan, Norwe, Aisilan da Liktanstain.

A nan akwai abin lura, domin mutane da yawa suna ɗauka Turai da Tarayyar Turai da Shengen duk abu ɗaya ne. Ailan tana cikin Tarayyar amma ba ta cikin Shengen. Birtaniya kuwa ko lokacin da take cikin Tarayyar ba ta taɓa shiga Shengen ba. Saboda haka bizar Shengen ba za ta kai ka Landan ba, bizar Birtaniya ma ba za ta shigar da kai Paris ba.

Ku ɗauki yankin kamar babban gidan gandu mai sassa 29. An rushe katangun da ke raba sassan, kowa na iya ratsawa daga wannan sashe zuwa wancan, amma an ƙara wa katangar waje tsawo, an kuma sa mai gadi a zaure yana rubuta ranar shigar baƙo da ranar fitarsa. Da zarar ka wuce zaure, ko a wane sashe ka kwana, a littafi ɗaya ake rubuta maka kwanan.

To, me mai ƙaramin guzuri ya samu daga wannan tsari? Gaskiya ya samu da yawa. A da, ɗan Afirka mai son ziyartar ƙasashe huɗu sai ya bi layi a ofisoshin jakadanci huɗu, ya biya kuɗi sau huɗu, ya jira amsa sau huɗu. Yanzu biza ɗaya ta wadatar. Motocin safa irin na FlixBus suna ratsa iyakoki cikin dare da kuɗi kaɗan, har wasu matafiya suna zaɓar tafiyar dare don su tsira da kuɗin otal. Jiragen sama masu araha irin su Ryanair da Wizz Air, idan ka saya da wuri, tikitinsu wani lokaci bai kai kuɗin tasi daga filin jirgi zuwa cikin gari ba. Mutum yana iya sauka a inda tikiti ya fi sauƙi, ya kwana a inda ɗaki ya fi sauƙi, ya shiga birni mai tsada da safe ya fito da yamma. Yawancin ƙasashen kuma kuɗin yuro suke kashewa, don haka asarar canji ta ragu, ko da yake akwai irin su Folan, Hungari, Suwizalan da Suwidin masu kuɗinsu na kansu.

Sai dai kada wani ya ji an ce babu iyaka ya bar fasfonsa a masauki. Doka ta ba kowace ƙasa damar maido da bincike na wucin gadi idan ta ga barazana. Faransa tana ta sabunta irin wannan bincike tun bayan hare-haren Nuwamban 2015, Jamus kuma ta faɗaɗa shi zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa daga 16 ga Satumban 2024. Motocin safa masu araha ma suna cikin waɗanda 'yan sanda suke tsayarwa. Fasfo dai ya kasance a jikinka.

(Kiɗa)

Yanzu mu zo kan lissafi, wanda shi ne ƙashin bayan shirin namu na yau. Wanda ke da biro da takarda a kusa, ya jawo su.

Dokar ta ce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kalmar "kowane" ita ce mutane suke tsallakewa. Ba daga farkon shekara ake fara ƙirga ba, ba kuma ranar da ka fita ake share maka allo ba. Tun daga 18 ga Oktoban 2013, yadda ake yi shi ne: a kowace ranar da kake cikin yankin, sai a waiwaya baya kwana 180, a ƙirga kwanakin da ka yi a ciki. In sun haura 90, ka karya doka. Ranar shiga kwana ɗaya ce cikakkiya, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare jirginka ya sauka. Ranar fita ma kwana ɗaya ce, ko da da asuba ka tashi.

Ga misali na farko. Wata baiwar Allah ta shiga ranar 1 ga Janairu, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, ta zauna har 31 ga Maris. Janairu 31, Fabrairu 28, Maris 31, kwana 90 ke nan cif. Yaushe za ta iya komawa? Sai 30 ga Yuni, bayan ta yi kwana 90 a waje. Ko da ta tsallaka Maroko ta yi mako ɗaya ta dawo, ba abin da ya canza, domin kwanakin nan 90 suna nan a cikin lissafi.

Misali na biyu ya fi ruɗa mutane. Wani ɗan kasuwa mai bizar shiga da fita sau da yawa ya yi kwana 30 a Janairu, daga 1 zuwa 30. Ya koma ya yi kwana 30 a Maris, ya sake yin 30 a Mayu, duk daga 1 zuwa 30 ga wata. Ya cika 90. Ranar 30 ga Yuni zai iya komawa, domin daga ranar ne kwanakin Janairu za su fara zubewa daga lissafi ɗaya bayan ɗaya. Amma kwana nawa zai samu? Talatin kacal, zuwa 29 ga Yuli, saboda kwanakin Maris da na Mayu ba su zube ba tukuna. In ya ɗauka an ba shi sabbin kwana 90, ya faɗa rami. Hukumar Tarayyar Turai tana da manhajar lissafin waɗannan kwanaki kyauta a shafinta na intanet, kuma ya kamata duk mai yawan zirga-zirga ya saba da ita.

Me ya sa wannan ya fi damun mai ƙaramin guzuri? Saboda tafiya a hankali ita ce tafiya mai araha. Kuɗin jirgi daga wata nahiya shi ne babban kashi, to in ka daɗe sai ka ci moriyarsa. Hayar ɗaki na wata guda ta fi ta kwana-kwana sauƙi. Wanda ya zauna wuri ɗaya zai san kasuwar unguwa, ya dafa da kansa, ya jira ranar da tikiti ya faɗo. Dokar kwana 90 tana yanke wannan dabara. Mai son ganin ƙasashe goma sai ya raba musu kwana tara-tara, kuma gaggawa kullum tsada gare ta.

Mu ɗan dubi waɗanda fasfonsu bai buƙatar biza, kamar Amurkawa, 'yan Kanada, 'yan Ostireliya, da kuma 'yan Birtaniya, waɗanda dokar ta hau kansu daga 1 ga Janairun 2021 bayan ficewar ƙasarsu daga Tarayyar. Masu dogon yawo a cikinsu sun daɗe da ƙirƙiro dabarar wata uku a ciki, wata uku a waje. In kwanakinsu sun ƙare, sai su koma Albaniya, Sabiya, Bosniya, Turkiyya, Maroko ko Jojiya, su jira lissafi ya sauka. Jojiya tana ba 'yan ƙasashe da dama damar zama shekara guda ba biza, Albaniya ma tana ba Amurkawa shekara guda.

Amma wuraren fakewar nan suna raguwa. Kuroshiya ta shiga Shengen ranar 1 ga Janairun 2023. Romaniya da Bulgeriya sun shiga ta sama da ta ruwa ranar 31 ga Maris 2024, sannan ta ƙasa ranar 1 ga Janairun 2025. Ƙasashen nan uku a da su ne mafakar masu ƙaramin ƙarfi, kuma kwanan da mutum ya yi a cikinsu ba ya shiga lissafin 90. Yanzu yana shiga. Ga 'yan ƙasashen, wannan nasara ce da suka daɗe suna nema, direbobin manyan motocinsu sun huta da kwana a bakin iyaka. Ga baƙo mai dogon yawo kuwa, yankin ya ƙara faɗi amma kwanakinsa ba su ƙaru da ko ɗaya ba.

(Kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yankin Shengen na Turai da dokar ƙayyade kwanakin baƙi. Yanzu kuma sai mu juyo kan masu fasfo irin namu, na Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan, waɗanda dole sai da biza.

Mu namu kashe kuɗin tun kafin a ɗaure kaya yake farawa. Kuɗin biza ga babba ya tashi daga yuro 80 zuwa yuro 90 ranar 11 ga Yunin 2024. Wannan ya kai kusan jaka 59 ta sefa, a naira kuma ya haura 100,000. Yara 'yan shekara 6 zuwa 12 yuro 45 ne. Ban da wannan akwai ladan kamfanonin da ke karɓar takardu a madadin ofisoshin jakadanci, irin su VFS Global da TLScontact. Akwai inshorar lafiya wadda dole ta iya ɗaukar nauyin jinya har yuro 30,000. Akwai shaidar masauki, shaidar tikitin dawowa, da bayanin asusun banki. Fasfo kuma dole a ce an yi shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma zai ƙara wata uku da rai bayan ranar da za ka baro yankin. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, sai ya ƙara kuɗin mota da na kwana zuwa birnin da ake ɗaukar hoton yatsu.

Duk wannan kuɗi, in aka hana ka, ba a mayarwa. Kuma hanawar ba kaɗan ba ce: alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai na shekarar 2024 sun nuna an ƙi sama da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya. Ku lura da wani abu mai ɗaure kai. Abin da jami'in biza yake nema shi ne alamar cewa kana da abin hannu kuma kana da dalilin komawa gida. Su kuwa dabarun tafiya da araha, irin su dogon zama, kwana wajen aboki da rashin tsayayyen jadawali, su ne suke sa shi zargi. Bature mai jaka a baya da ɗan Najeriya mai jaka a baya suna iya zama da guzuri iri ɗaya, amma ɗaya ana kallonsa ɗan yawon buɗe ido, ɗayan ana tambayarsa ko zai koma.

Kowace ƙasa tana da adadin kuɗin da take so ta ga baƙo yana da shi na kowane kwana. Faransa, alal misali, tana neman yuro 65 a kwana ga wanda ya kama otal, yuro 120 ga wanda ba shi da shaidar masauki, da yuro 32 da rabi ga wanda wani mazaunin ƙasar ya yi wa takardar karɓar baƙo daga ofishin magajin gari. Jami'in iyaka yana da ikon ya nemi ganin wannan shaida ko da bizarka tana manne a fasfo, in bai gamsu ba ya mayar da kai.

Wace ƙasa za ka nemi bizarta? Doka ta ce ƙasar da ita ce ainihin maƙasudin tafiyarka, ko wadda za ka fi daɗewa a cikinta. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga. Dillalan biza sukan ce wa mutum ya nemi ta ƙasa kaza don ta fi sauƙin bayarwa, in ya sauka sai ya wuce inda yake so. Wannan shawara ce mai jefa mutum cikin wahala, domin ana iya soke bizar a filin jirgi in aka gano ƙarya aka yi. Haka takardar otal ta bogi da bayanin banki na aro. Ana karɓar buƙata tun wata shida kafin tafiya, amsa kuma a ƙa'ida kwana 15 take ɗauka, amma tana iya kai 45. Wanda ya nema da wuri ya fi samun tikiti mai sauƙi.

Sai babban tarko, wanda ke kan takardar bizar kanta. Kwana 90 da muke ta faɗa shi ne iyakar abin da za a iya ba mutum. Mai neman farko sau da yawa daidai kwanakin da ya rubuta ake ba shi, goma ko sha biyar ko ashirin. A jikin bizar akwai abubuwa uku daban-daban. Akwai ranar fara aikinta da ranar ƙarewarta. Akwai adadin kwanakin da aka yarda ka yi. Akwai kuma yawan shiga: sau ɗaya, sau biyu, ko sau da yawa, wanda ake rubuta shi da haruffan MULT. A bizar shiga sau ɗaya, akan ƙara kwana 15 a wa'adin aikinta don ko za ka ɗaga tafiya. Sai mutum ya ga an rubuta daga 1 zuwa 30 ga wata, ya ɗauka wata guda gare shi, alhali a gefe an rubuta kwana 15. Wanda ya zauna har 30 ga wata ya wuce ƙa'ida da mako biyu bai sani ba. Haka mai bizar shiga sau ɗaya da ya ce bari ya leƙa Istanbul ya dawo: da fitarsa bizar ta mutu, ko da saura kwana goma a kanta.

(Gajeren kiɗa)

Hausawa suka ce araha ba ta ado. Tikiti mai araha ma yana da nasa tarkon. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashe 12 da dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa 'yan ƙasarsu bizar ratse, ko da canjin jirgi kawai za su yi a filin jirgin wata ƙasar Shengen ba tare da sun fita ba. Akwai waɗanda aka ɗauke wa, kamar mai ingantacciyar bizar Amurka, Kanada ko Japan. Wasu ƙasashen yankin kuma suna ƙara nasu jerin sunaye a kan waɗannan 12, don haka ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi ma sai ya bincika. Idan kuwa tikitin ya ratsa filaye biyu na yankin, a ce Paris sannan Amsterdam, to tsakaninsu tafiyar cikin gida ce, bizar ratse ba ta isa ba, sai cikakkiyar biza. Haka in ka sayi tikiti biyu daban-daban don ya fi sauƙi, har sai ka fita ka karɓi kayanka ka sake aunawa. Wasu an hana su hawa jirgi tun daga gida saboda wannan, kuma tikiti mai araha yawanci ba a maido da kuɗinsa.

Wani tarkon shi ne aiki. Masu yawo da ƙaramin guzuri sukan yi wa masauki ko gona 'yar hidima a ba su ɗaki da abinci. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin aiki ko da ba a ba da ko sisi ba, bizar ziyara kuwa ba ta yarda da aiki ba. Mai son karatu ko aiki ko zaman da ya wuce wata uku, bizar dogon zama zai nema daga ƙasar da yake nufi, wadda ake kira nau'in D, kuma dokokinta daban ne.

To in mutum ya wuce wa'adi fa? Hukuncin ya danganta da ƙasa da yawan kwanakin: tara, umarnin barin ƙasa, ko haramcin shiga wanda zai iya kai shekara biyar. Haramcin kuma na yankin ne baki ɗaya, domin ƙasashen suna da rumbun bayanai guda da kowa ke dubawa. A da wasu suna dogara da cewa jami'i ba zai tsaya ƙirga tambura a fasfo ba. Wannan zamanin yana wucewa. Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara amfani da sabon tsarin rajistar shiga da fita na kwamfuta, mai haɗa sunan matafiyi da hoton fuskarsa da na yatsunsa, ya kuma yi lissafin kwanakin da kansa. Ƙarin wa'adi ana yinsa ne kawai bisa larura, kamar rashin lafiya mai tsanani ko soke jirage, kuma tun kafin bizar ta ƙare ake nema.

Kiyaye wa'adi kuma yana da lada. A tsarin da ya fara aiki a Fabrairun 2020, wanda ya samu biza uku cikin shekara biyu ya yi amfani da su bisa ƙa'ida, ana iya ba shi ta shekara ɗaya mai shiga da fita sau da yawa. Daga nan sai ta shekara biyu, sannan ta shekara biyar. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, wannan ita ce arahar gaske: ya biya sau ɗaya, ya huta da layi, ya sayi tikiti duk ranar da ya faɗo. Amma ko mai bizar shekara biyar, lissafin 90 cikin 180 yana kansa.

(Kiɗa)

Kafin mu rufe, mu waiwayo gida, domin mu ma muna da irin wannan tsari. Ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO, ta amince da yarjejeniyar walwalar jama'a a Dakar a watan Mayun 1979. Ita ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga wata ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin rigakafi. Bambancinmu da Turai biyu ne. Na farko ya fi mana daɗi: kwana 90 ɗin na kowace ƙasa ne daban, ba a haɗa na Benin da na Togo da na Gana wuri ɗaya. Na biyu kuwa ya fi mana ciwo: biza aka cire, shinge yana nan. Duk wanda ya bi mota daga Legas zuwa Akara ya san yawan wuraren da ake tsayawa, ya kuma san na goron da ake tatsa a hanya ba rasit. Wannan haraji ne da mai hawa jirgi bai san da shi ba, talaka mai bin mota shi ke biya.

Siyasa ma takan rufe abin da yarjejeniya ta buɗe. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an sake rufe iyakar ƙasashen biyu har Maris 2024, kuma mutanen Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni, sun san abin da hakan ya jawo wa kasuwa da zumunci. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, amma ɓangarorin biyu sun sanar cewa jama'a za su ci gaba da shiga ba biza. Mai niyyar tafiya dai ya tambayi halin da ake ciki kafin ya hau mota.

A gabashin Afirka kuma, Kenya, Ruwanda da Yuganda sun fito da bizar yawon buɗe ido ta haɗin gwiwa a 2014, dala 100 na kwana 90. A Amurka ta Tsakiya, Guwatemala, Honduras, Salbado da Nikaraguwa ma suna haɗa wa baƙo kwanakinsa wuri ɗaya. Duk inda ƙasashe suka haɗa ƙofa, tambayar da mai ƙaramin guzuri zai fara yi ita ce: kwanakin ma an haɗa su, ko kowace ƙasa da nata?

Saboda haka masu sauraro, ga abin da za ku riƙe. Ranar da aka miƙo muku fasfo, ku karanta wurare ukun nan kafin ku bar wajen: wa'adin aiki, adadin kwana, yawan shiga. Ku ƙirga ranar sauka da ranar tashi duka. Ku bar rarar kwana biyu ko uku kafin wa'adi, domin yajin aikin ma'aikatan jirgi ko rashin kyawun yanayi ba ya sallama. Kafin ku biya tikiti mai araha, ku duba inda zai ratsa. Ku ajiye tikitocin da kuka hau da rasit ɗin masauki, don wata rana su ne shaidarku. Tambaya kuma ku yi ta a ofishin jakadanci ko shafinsa na hukuma, domin dillali in an mayar da ku, shi ya riga ya ci nasa.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take, za mu karanta saƙonninku a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)